Yadda mai cutar siliyak zai ci abinci a hanya, daga tashar mota har zuwa Makka

Shekara shida ke nan rabona da burodi. Tun ranar da likita ya haɗa sakamakon gwajin jinina da na ɗan naman hanjin da aka tsakuro ya ce cutar siliyak ce, muka yi hannun riga da gurasa da funkaso da alkaki, har da taliyar murji mai manja da yaji, wadda har gobe in na ji ƙamshinta sai na haɗiyi yawu. A gida abin ya zo da sauƙi, domin uwargida ta ware mini tukunya da muciya da rariya. Wahalar tana farawa ne daga ranar da na rataya jaka.

Ga wanda bai san cutar ba: a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai sinadarin da ake ce wa gulutin. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta juya ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta cinye 'yan tsirarrun da suke tsotsar amfanin abinci. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, rama da kasala. Wani ma ba ya jin komai, amma ɓarnar tana gudana a ciki. Kusan mutum 1 cikin 100 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda ake zato, don binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi na Yammacin Sahara ya samu 5.6 cikin 100, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi kafin a ce abinci ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo guda. Wannan yana nufin ɓarɓashin burodin da ya maƙale a wuƙa ma abin gudu ne. Kuma wuta ba ta kashe shi, ba ƙwayar cuta ba ce. Burodin da kake gani da idonka ba shi ne zai kayar da kai a tafiya ba. Fulawar da aka barbaɗa a miya don ta yi kauri, da man da aka soya sambusa a ciki kafin dankalinka, su ne abokan gaba.

(Idan zargin cutar kawai kake yi ba a gwada ka ba, kada ka daina cin alkama tukuna. In ka daina kafin gwaji, sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan.)

Mataki na farko: sati biyu kafin tafiya

Ka koma wurin likitanka ya rubuta maka takarda da Turanci, mai hatimin asibiti, da ke cewa kana da cutar kuma dole ka riƙe abincinka. Ba kullum ake tambayarta ba, amma ranar da jami'in kwastan ya ɗaga ledar garinka yana jujjuyawa, za ka gode wa Allah da ka taho da ita.

Sannan ka rubuta ɗan kati da harshen ƙasar da za ka. Wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan tsayawa kana bayani da hannu, domin mai kawo abinci zai iya shiga da shi kicin ya miƙa wa kuku. Na ƙasar Larabawa, ga abin da ke jikin nawa: عندي مرض السيلياك. ممنوع عليّ القمح والشعير والطحين والخبز. Ma'ana, ina da cutar siliyak, an hana ni alkama da sha'ir da fulawa da burodi. Ka buga guda uku ko huɗu a takarda mai kauri, don wani ba ya dawowa daga kicin. Ka kuma ɗauki hotonsa a waya.

In jirgi za ka hau, ka nemi abinci mai lamba GFML, wato abinci marar gulutin, tun lokacin yankan tikiti. Yawancin manyan kamfanonin jirage suna so a sanar da su aƙalla awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Kwana uku kafin tafiya ka sake tabbatarwa, kuma in an canza maka jirgi ka sake nema daga farko, don buƙatar ba koyaushe take bin ka ba.

Mataki na biyu: guzuri

Ƙa'idata ita ce in riƙe abin da zai kai ni kwana biyu ko da ban sayi komai ba. Garin kwaki da sukari da madarar gari, gyaɗa soyayya, dabino, aya, ƙuli-ƙuli, dambun nama na gida, garin kunun gero, da ɗan kwano da cokali nawa na kaina. Rabi a jakar hannu, rabi a babbar jaka, saboda kaya suna iya kwana a wani gari kai kana wani.

A nan akwai tarkon da ya daɗe yana cin mutane ba su sani ba: injin niƙa. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk ba su da gulutin ko kaɗan. Amma injin unguwa da ya gama niƙa wa maƙwabciya alkamar tuwo, shi ne zai karɓi geronka ba tare da an wanke shi ba. Ko dai a daka a turmin gida, ko a niƙa da injin kicin, ko kuma a roƙi mai injin ya share shi sosai ya fara zuba ɗan mudu guda na sharar hanya a ware shi gefe, sannan a tari naka. Ni na fi natsuwa da turmi.

Ka lura da dokar ƙasar da za ka shiga. Ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila ba sa barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama ko kayan madara, Amurka ma tana da tsanani a kan nama. Kilishi da dambu sai dai ka cinye su a cikin jirgi. Abu mai ruwa kuma, kamar zuma ko kunu, a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a yawancin filayen jirgi.

Mataki na uku: hanyar mota a gida

Mu Hausawa mun yi sa'a, asalin cimarmu ba ta alkama ba ce. In mota ta tsaya a Tafa ko Lakwaja, akwai tuwon shinkafa, shinkafa da wake, dafaffiyar doya, sakwara, teba, gasasshiyar masara, dafaffen ƙwai, ayaba da lemo. Da wuya ka kwana da yunwa.

Sai dai fulawa ta kutsa cikin girkinmu ta ƙofar baya. Ɗanwake, wanda a da garin wake da rogo da kuka da kanwa ne, yanzu a gidaje da yawa da fulawa ake yin sa. Wasu masu waina suna ƙara 'yar fulawa a ƙullu don ta tashi da kyau. Wata mai tuwo takan ɗaure tuwon shinkafarta da semo, kuma semo alkama ce duk da farinta. Kuskus na kwali alkama ne. Kunu ma wani ana haɗa gero da alkama. Saboda haka kada ka ce wa mai abinci, "Akwai gulutin?" Za ta ce babu, kuma ba ƙarya ta yi ba, ba ta san shi ba ne. Ka ce, "Hajiya, don Allah da me aka ɗaure tuwon nan? An sa semo ko fulawa? Likita ne ya hana ni." Nan take za ka ji gaskiya.

Teburin mai shayi kuwa, na yafe shi gaba ɗaya in ban da ruwan shayin. Kaskon da ya soya Indomie shi zai soya maka ƙwai, wuƙar da ta tsaga burodi ita za ta yanka albasa, cokalin da ya shiga gwangwanin garin shayi mai tsiron sha'ir shi zai juya naka. Wurin mai tsire, ka tsaya ka kalli katakonsa minti ɗaya. In a kansa yake yayyanka gurasa, ka ce ya ba ka tsinkenka kai tsaye daga wuta cikin sabuwar takarda. Mai ƙosai ka leƙa kaskonta: in fanke yana iyo tare da ƙosan, wuce.

Mataki na huɗu: filin jirgi da cikin jirgi

Ka ci ka ƙoshi a gida kafin ka fito. Da ka zauna a kujera, ka sanar da ma'aikaciyar jirgin cewa ka nemi abinci na musamman. In tiren ya zo, ka duba takardar da aka liƙa, sannan ka duba abin da ke kai, domin wani lokaci hannu yakan yi kuskure ya ɗora ɗan burodin kowa a gefe. A jirgin jigilar alhazai kada ka ɗora rai a kan wani tire na daban, guzurinka ne gatanka. Tafiyar Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ce, amma zaman sansani da layin shige da fice sukan ninka ta.

Mai yada zango a Addis Ababa ya kula da injera, gurasar Habashawa. Asalinta da tef ake yi, wani ƙaramin hatsi da ba shi da gulutin, amma sau da yawa ana gauraya shi da alkama ko sha'ir.

Mataki na biyar: yadda ake tambaya a gidan abinci

Nan ne aikin yake. Ka je lokacin da babu cunkoso. A Makka da Madina, bayan sallar Isha ko bayan Juma'a babu mai sauraronka, kowa ta kansa yake. Hantsi ko tsakanin Azahar da La'asar ya fi. Ka nemi wurin da ake girki a kan idonka, ko wanda abincinsa kala kaɗan ne. Gidan da shinkafa da gasasshiyar kaza kawai yake sayarwa ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ke da kala hamsin.

Ka miƙa katinka, sannan ka bi da tambayoyi ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. An sa fulawa a miyar? Naman nan da me aka jiƙa shi? Man da ake soya dankali, ana soya wani abu a ciki? Za a iya gasa mini a kan takardar alminiyam? Za a iya kawowa ba tare da burodi a farantin ba? Wannan ta ƙarshe kada ka manta da ita, domin al'adar masu gashi a ƙasashen Larabawa ita ce su shimfiɗa burodi a ƙasan nama, su kuma rufe shi da wani. Ɗage burodin daga baya ba ya gyara komai.

Kalmomin da za ka riƙe da ka: ƙamh alkama ce, sha'ir dai sha'ir ne, daƙiƙ ko ɗahin fulawa, khubz burodi, samid shi ne semo, burgul ɓarzajjiyar alkama, buƙsumaɗ garin burodi, sha'riyya siririyar taliya. Kada ɗahin ya rikita ka da ɗahina, ita markaɗaɗɗen riɗi ce, ba ruwanta da alkama.

Ka kuma karanci fuskar mai amsa maka. Wanda ya ce "mafi mushkila" tun kafin ka rufe baki, bai ji ka ba. Wanda ya ce bari ya tambayo, ya shiga ciki ya dawo ya ce wannan kada ka ci, wancan za ka iya, shi ne mutuminka. Ka riƙe wurin, ka riƙa dawowa, ka ɗan yi masa ihsani. Kwana uku zai haddace ka.

Sha'riyyar nan ta taɓa yi mini aika-aika a wani otal a Madina. Na yi tambayoyina duka a kan kazar, aka tabbatar mini, na zuba farar shinkafa ban ko kalle ta ba don a tunanina shinkafa ai shinkafa ce. Sai da na kai loma ta huɗu na lura da wasu 'yan siraran abubuwa ja-ja-ja a tsakanin ƙwayoyin. Taliya ce aka soya a man shanu aka dafa tare, irin girkin Misirawa. Kwana biyu ina sallah a ɗaki, masallacin yana gabana ta taga.

Mataki na shida: abin ci da abin bari a ƙasa mai tsarki

Kabsa, mandi da shinkafar Bukhari tushensu shinkafa ce da nama, kuma su ne abin da na fi rayuwa a kai, bayan na tambaya ko an sa dunƙulen ɗanɗano, tun da wasu nau'o'insa suna da alkama. Kazar da aka gasa a gawayi, gasasshen kifi, ful (wakensu na karin kumallo), hummus (markaɗaɗɗen wake da riɗi), laban (nononsu mai tsami), dabino, 'ya'yan itace, duk suna cikin jerin, muddin ba a tsoma burodi a kwanon ba.

Waɗanda za ka kauce wa: kazar burosta da ake yi wa dogon layi, don fulawa ce rigarta. Harisa da jarish alkama ce zalla. Mutabbaƙ, sambusa, tamis, shawarma, koshari mai taliya, kibba da tabbula masu burgul. Kofta sau da yawa ana ɗaure ta da garin burodi. Ɗa'amiyya, wadda take kama da ƙosanmu, wani lokaci ana sa mata fulawa, kuma a mai ɗaya ake soya ta da sauran kaya. Talbina da ake sayarwa a shagunan kayan tsaraba garin sha'ir ce. Ma'amul, ɗan biskit ɗin nan mai dabino a ciki da ake rabawa sadaka, alkama ne.

In Umrar azumi ce, abu biyu. Shorbar buɗa-baki ta Saudiyya yawanci da ƙwayar alkama ko garin ots (hatsin da ake kunun Quaker da shi) ake yin ta, kuma ots ɗin kasuwa yakan gauraya da alkama tun daga gona. Sannan sobiyar Hijaz, abin shan nan fari ko ja da ake ƙullawa a leda, da sha'ir ko busasshen burodi ake haɗa ta. Lemunan malt irin su Barbican da Moussy ma daga sha'ir suke. A shimfiɗar buɗa-baki ta masallaci, ka ɗauki dabinonka da yogot ɗinka tun kafin a fara gutsura burodi, ka riƙe a hannu ko a cinya.

Abincin otal na ɗebi-da-kanka yana da nasa haɗarin: ludayi ɗaya yana yawo daga taliya zuwa shinkafa. Ka zama cikin na farko da za su shiga, ko ka roƙi a zubo maka daga kicin kafin a fitar.

Rana ta farko ka shiga babban kanti irin Bin Dawood ko Panda ka yi sayayya. A jikin kwali ka nemi خالٍ من الجلوتين, wasu suna rubuta الغلوتين, wato babu gulutin, ko tambarin zangarniyar alkama da aka ja wa layi. Kifin gwangwani, cuku, gyaɗa, waina busasshiya ta shinkafa, sun isa su cika maka ɗan firjin ɗaki. Akwai kuma Hausawa mazauna Makka masu sayar da tuwo da miya, kuma ranar da ka same su sai ka ji kamar ka dawo gida. Tambayar Tafa dai ita za ka maimaita: da me aka tuƙa? Semo ya fi garin masara sauƙin samu a can.

Mataki na bakwai: kwanakin Mina da Arfa

Daga 8 ga Zulhijja zuwa 12 ko 13, ba ka da zaɓin gidan abinci. Abin da aka dafa wa dubbai shi za a miƙo maka a ƙulle, kuma ba a yarda a kunna wutar girki a tantunan Mina ba. Ka sanar da jami'an alhazai na jiharku da likitan tawaga tun a gida, ka sake tuna musu a Makka. Duk da haka ka shirya jakar kwana biyar: garin kwaki, madara, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani mai buɗewa da hannu. Daga abin da aka raba, ka ɗauki ruwa, lemo, tuffa, laban da dafaffen ƙwai, ka ba maƙwabcinka burodin da kek ɗin. Da wuya ya ƙi musanya maka da ayabarsa.

In tafiyar ta wata nahiya ce

Turai ta fi sauƙi. Tun Disamban 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci a Tarayyar Turai su bayyana abubuwa 14 masu tayar wa mutane da ciwo, kuma hatsi mai gulutin yana ciki. Ingila ma haka. Italiya, duk da ita ce gidan taliya, tana cikin wuraren da suka fi sanin cutar. Ka ce "senza glutine", a Faransa kuma "sans gluten". 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guanzu ta ƙasar Sin su ne ke da aiki, don baƙin ruwan waken suya da ake zubawa a kusan kowane girki da alkama ake haɗa shi. A can, farar shinkafa, dafaffen ƙwai, da kifi ko ganye da aka turara ba miya.

Mataki na takwas: gidan mutane

Wannan ya fi duka wuya, don ba kuku kake fuskanta ba, zumunci ne. Ka sauka gidan ɗan'uwa, an kwana ana shiri, an jero funkaso da miyar taushe, sai gwaggo ta ce, "Haba ɗan nan, ko loma ɗaya ba za ka taɓa ba? Ai kaɗan ba ya kisa." Kunya ta sa na taɓa sau biyu a shekarar farko, kuma duka biyun a gidan na kwanta, wahalar ta koma kan masu gidan.

Yanzu tun kafin in taso nake bugo waya. "Gwaggo, kada a wahala, farar shinkafa da mai da yaji ta ishe ni. Likita ya hana ni duk abin da fulawa ko alkama ko semo ta taɓa, ko cokali ne." Kalmar likita tana da nauyi a wurin manya, kuma in ka ambaci abin da kake so, ka sauke musu nauyin tunani. In an manta an kawo, ka yaba girkin, ka sha fura ko ruwa, ka ci nama in ba a haɗa ba, ka ja hira.

Mataki na tara: in ta riga ta shiga

Duk taka-tsantsan ɗinka wata rana sai an yi kuskure. Babu maganin da ke warware gulutin bayan an haɗiye, kuma ƙwayoyin da ake tallatawa cewa suna narkar da shi ba su zama kariya ga mai siliyak ba. Abin yi shi ne hutu da ruwa. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka koma kan farar shinkafa da ayaba da kunu mara haɗi har cikin ya lafa. In amai ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke, ko ka ga jini, ko zazzaɓi ya shigo, ka tafi asibiti, domin a zafin Makka bushewar jiki ba ta jira, kuma mai yiwuwa ma ba alkamar ba ce, gurɓataccen abinci ne. Duk maganin da za a ba ka, ka nuna wa mai kemis katin nan naka.

Da ka ji sauƙi, ka zauna ka rubuta abin da ka ci a awanni 24 kafin ciwon, da inda ka saya. A wayata akwai jeri biyu na kowane gari, wuraren da na ci na tashi lafiya da waɗanda ba zan koma ba, kuma a ƙarƙashin Madina layin farko cewa yake: a tona shinkafa da cokali kafin a zuba.